Inna da Matar Cikin Littafi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baban yara da yaran duka. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya sa albarka a aikinki, ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Mu ma nan muna godiya ga Allah. Auta ta shiga shekarar ƙarshe a jami'a, kanta ya cika da karatu har ba a gama magana a gidan nan ba ta gyara wa mutum ita ba. Kawu yana fama da gwiwarsa, amma bakinsa lafiya lau. An gyara rufin ɗakin baya da yake yoyo, na kuma mayar da keken ɗinkina can saboda ƙararsa ta fara damun Inna.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Dalili shi ne, a waya ba kya barina in kai ƙarshen magana. Ina tsakiyar zance za ki ce kin gane, ki shiga tambayar kuɗin makarantar yara. Takarda kuwa ba a katse ta. Don Allah ki zauna ki karanta har ƙasa.

Jikin Inna ba kamar yadda nake gaya miki ba ne. Idon ya yi nisa, yanzu inuwar mutum kawai take gani a bakin ƙofa, sai ya yi magana take sanin ko wane ne. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙafafunta da suke kumbura, da numfashin da yake yi mata wuya in ta kwanta, sai mun jera mata matasai a baya. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji. Ya ƙara magani, ya ce a rage gishiri, sannan ya kira ni gefe ya tambaye ni ko duk 'ya'yanta suna kusa. Ban ji daɗin tambayar nan ba, Yaya. 

Kin san Inna da zama shiru ba sa haɗuwa. Da idon ya hana ta komai, sai Auta ta kawo wani littafin labari da ake koya musu, ta ce in riƙa karanta mata da yamma in na tashi daga ɗinki. Labarin wata shugabar makarantar 'yan mata ce. Mace mai kaifin hankali, kallo ɗaya take yi wa mutum ta karanta abin da yake ransa. Yarinya ta shigo ofishinta, kafin ta buɗe baki ta san yunwa ce take damunta ko dukan gida. Malami ya zo da ƙarya, kafin ya zauna ta kama shi. Ba ta taɓa tambayar kowa komai, domin ba ta da buƙata, kuma kullum hasashenta yana fita daidai. Inna ta so matar nan kamar ita ta haife ta. In na karanta inda ta tsare wani da ido ya daburce, sai ta yi dariya har tari ya kama ta, ta ce ga mace.

To a tsakiyar littafin sai abu ya juya. Matar tana da aminiya guda, mataimakiyarta, tare suka gina makarantar tun tana aji biyu. Ana ta kai ƙarar shugabar wajen manya saboda tsaurinta. Rana ɗaya ta hangi aminiyar tana fitowa daga ofishin mai duba makarantu, da suka haɗa ido sai aminiyar ta sunkuyar da kai. Shi ke nan, ta yanke hukunci an ci amanarta. Mu masu karatu mun san roƙo aminiyar ta je yi a kanta, kunyar a ce ta yi mata roƙo ce ta sa ta sunkuyar da kai. Shugabar ba ta yi mata faɗa ba, ba ta zage ta ba. Gaisuwa kawai ta rage, ta daina shan shayi da ita, ta koma rubuta mata umarni a takarda. Daga nan ta fara ganin cin amana a fuskar kowa, har ɗanta. Ɗaya bayan ɗaya suka janye, ita kuma kowane ya tafi sai ta ce da ma ta sani.

Nan gidan ya koma majalisa. Kawu, wanda yake zuwa wai duba Inna amma labarin yake biyowa, ya ce ƙaddara ce, abin da aka rubuta wa mutum ba ya wuce shi. Auta ta ce ba haka ba ne, an sa mace ita kaɗai a tsakiyar mutanen da suke jiran faɗuwarta, dole ta koyi zargi, kuma da namiji ne da wannan halin da jarumi za a kira shi. Ni na ga gaskiyarta, na kuma faɗa. Inna ta bar su suka gama, sannan ta ce duk ta ji, amma masu kai ƙara ba su iya taɓa matar ba sai da ta kori mai tare mata da hannunta. Ta ce marubucin bai zalunce ta ba, sau nawa yana haɗa su a ɗaki ɗaya su biyu, ba abin da ya rage sai ta buɗe baki ta ce me kika je yi. Ta ce abin da ya fi ba ta haushi shi ne, halin da ya sa muka so ta a farko shi ne dai yake cin ta yanzu, ba wani sabon hali aka ɗora mata ba. Wanda ya saba canka daidai, in ji ta, ranar da ya canka ba daidai ba babu mai iya gaya masa.

Yaya, da ta faɗi haka sai kowa ya nemi abin yi. Kawu ya shiga neman takalminsa, Auta ta tuna tana da wanki. Ni kuwa na ƙura wa littafin ido kamar yau na fara ganin baƙi. Kowa ya san wa aka kwatanta, mai maganar ce kaɗai ba ta sani ba. Kuma kada ki yi murmushi, domin ba ita kaɗai ba ce. Ba banza Baba yake kiran ki hoton Inna ba.

Tun bayan rasuwar Baba da kika koma, ba ki ƙara kiran ta ba. Kina kira na, kina kiran Auta, har Kawu kina kira ku yi ta hira a kan gwiwa. Maganinta ba ya yankewa saboda ke, na shaida. Amma in za ki tambaye ta sai ki ce ya mutanen gida, kamar wata maƙwabciya. Ita ma ba ta taɓa ambaton ki ba. In na ce kin aiko da magani sai ta ce Allah ya yi albarka, ta juya fuska bango. Ba ku yi faɗa a gaban kowa ba, shi ya sa babu wanda ya san inda zai kama ya sasanta. Ni da nake tsakiya na gaji, wallahi na gaji, kuma ina jin haushinku ku biyun daidai wa daida.

Muka ci gaba da karatu. Inna ta daina dariya. Ta koma yi wa matar faɗa kamar tana zaune a bakin gadon, tana ce mata ta tashi ta je, gidan aminiyar ai ba nisa. Da muka zo inda aka sauke ta daga shugabanci, ta kwashe kayanta a kwali babu mai taya ta, sai labari ya iso mata cewa aminiyar tana kwance rai a hannun Allah. Saura 'yan shafuka kaɗan. Inna ta ɗaga hannu ta ce in rufe. Na ce ai mun kusa gamawa, ta ce ta san ƙarshen, matar ba za ta je ba, mai irin wannan hali ba ya zuwa sai an ce an rufe. Auta ta gaya mini a ɓoye cewa haka ɗin ne. Ko a nan ma Inna ta canka daidai. Tun ranar ba ta yarda an ƙara buɗe littafin ba, abincinta ya ragu, ta yi kwanaki ba ta cika magana ba, har na fara tunanin in koma wajen likita.

Shekaranjiya da safe ina shafa mata mai a ƙafa, ba zato ta kira sunana, ta tambaye ni wai me ta yi wa Yayarmu.  Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta yi tambayar da ba ta riga ta san amsarta ba. Na ce ban sani ba, kuma gaskiya na faɗa. Ta ce duk shekarun nan ta ɗauka ta sani. Ranar da za ki tafi ta ga yadda kika kalli ɗakin Baba kika kalle ta, sai ta karanta a fuskarki cewa kina ganin ba ta kula da shi yadda ya kamata ba a ciwonsa. A kan wannan kallon ta zauna har yau. Ta ce yanzu da idon ya tafi, ta yi ta juya kallon a ranta, ta kasa rantsewa abin da ta gani ke nan. Ba ta yi kuka ba, kin san ta. Ni ce na yi.

Ban san abin da ke ranki ba, kuma ba zan yi hasashe ba, masu hasashe sun isa a gidan nan. Wataƙila kin ji wata magana, wataƙila ke ma wani kallo kika karanta. Ko mene ne, amsar tana wurinki, ni ba ni da ita. Ina tsoro, Yaya. Ina tsoron ki tsaya shirya maganar da za ki faɗa har lokaci ya ƙure. Ba na ce ki taso gobe ba, na san aiki da yara. Ki kira ta kawai, a wayarta, ba tawa ba.

Ki gaishe mini da Baban yara da kyau, da ɗanki Babban Yaya da ƙannensa, da 'yar lelena mai kukan wanka. Kawu yana gaishe ku, Goggo ma da ta zo jiya ta ce in saka gaisuwarta. Auta da maigidana da yara duk suna gaisuwa. Inna ba ta san na rubuto ba, don haka ba zan yi miki ƙaryar ta aiko da gaisuwa ba. Abin da zan gaya miki shi ne, tun shekaranjiya ta sa na ajiye wayarta a gefen matashinta. Ba ta ganin sunan mai kira, saboda haka duk wanda ya bugo, ko mai kawo ruwa ne, sai ta gyara zama ta gyara murya kafin ta ɗauka.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki mai bi miki