Na Cike Allon Makaranta da Siminti, Na Ɗora wa Shanu Laifi

Salama gare ku 'yan gida, Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kunya ta ishe ni.

Sana'ata rubutun allo da fenti a Birnin Gwari. Akwai wata malama 'yar kudancin Kaduna da ke da ƙaramar makaranta wajen Tabanni, allon makarantar na ɗauke da sunan marigayi mijinta. Daga Kaduna aka yo shi, da wani irin soso mai tauri da ake sassaƙawa kamar katako. Iska ta karyo reshe ya fasa gefensa, ta kira ni gyara, ta ce ni kaɗai ta yarda da hannuna.

Ban taɓa aiki da irinsa ba, amma girman kai ya hana ni faɗa. Na kira wanda ya yi shi, ya ce in nemi gam ɗin nan mai haɗi biyu, in ramin ya yi zurfi in liƙa guntun soson in goge. Na ga sai na bi hanyar Kaduna kafin in samu gam ɗin, na ji tsoron 'yan bindiga, na kwaɓa farin siminti na cike, na shafa fenti. Ya yi kyau har ta yi hawaye.

Ruwa biyu aka yi, cikon ya tsage ya zube, ya tafi da rabin sunan mijin. Da ta tambaye ni, bakina ya ce ai shanu ne suka goga masa jiki. Wallahi ban yi tunani ba.

Akwai wani dattijon Bafulatani da ke kiwo bayan makarantar, jikokinsa ma a can suke karatu. Da maganar ta bazu, iyayen yara suka same shi da faɗa, ya rantse shanunsa ba su je wurin ba, ba wanda ya saurare shi. Yanzu ya cire jikokin daga makarantar. Jiya na haɗu da shi a kasuwa, ya gaishe ni da fara'a, na kasa kallon idonsa.

Masu sana'a, wane ciko ne ke kama wannan soson ya jure rana da ruwa? Sannan wa zan fara samu, malamar ko dattijon? In na faɗi gaskiya sana'ata za ta iya mutuwa a garin nan, in na yi shiru yaran nan suna gida saboda ni. Yaya zan yi?