Ƙaho Uku a Gaban Gidan Torfi

Reykjavik, 15 ga Mayu

Yaya Unnur,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da Baba da agwaginku 'yan gata.

Ki zauna kafin ki karanta. An ba ni jirgi! Ni Hrefna 'yar Torfi, wadda malamin lissafi ya ce ko kwale-kwale ba za ta iya juyawa ba, yau ni ce kyaftin. Jirgin masu yawon buɗe ido ne, mutum ɗari da tamanin. Ranar ɗaya ga Yuni za mu tashi mu zagaye ƙasar nan kaf, gari-gari, mu bi ta gabas mu ɓullo ta arewa. Shekara goma sha tara ina karɓar umarni, yanzu ni ke bayarwa, kuma wallahi da daɗi.

Ga babban labarin. Ranar sha biyu ga Yuni da hantsi zan shigo mashigin ruwanmu. Ba tsayawa za mu yi ba, zagayawa ce kawai baƙi su ga duwatsu, kuma sau ɗaya ke nan bana, daga nan ƙasar waje jirgin zai tafi. Kin san al'ada: duk haifaffen mashigin nan da ya sami jirgi, ƙahon jirgin yake busawa sau uku a gaban gidan ubansa. Shekara takwas ke nan maƙwabcinmu Ketill yana cika wa Baba kunne da ƙahon ɗansa, alhali wani jirgin kifi ne mai warin tsiya. Nawa ƙahon har bayan dutse sai an ji shi. Ki gaya wa Ketill ya tanadi auduga.

Taki ƙanwa,
Hrefna


Gida, 22 ga Mayu

Hrefna,

Muna lafiya, mun kuma yi murna. Na karanta wa Baba sau uku, ya ce a sake.

Amma ke, birni ya cinye miki hankali ne? Sha biyu ga Yuni fa kika ce. Ɗan Ketill a watan Agusta ya busa nasa, lokacin agwagi duk sun bar sheƙa. Ke kuwa za ki zo agwagi dubu huɗu suna kwance a kan ƙwai a bakin ruwa. Ki busa ƙaho su watse gaba ɗaya, kafin su dawo hankaki sun gama da ƙwan. Wadda ta tsorata haka ba ta sake yin sheƙa a wurin. Tun zamanin kakanmu muke gadinsu daga dila, su kuma suna bar mana gashin ƙirjinsu muna sayarwa, da shi aka yi miki karatun jirgin da kike taƙama da shi. Ni ko kare na ɗaure, tari ma a hannun riga nake yi.

Ba ƙaho. Na gama magana.

Yayarki,
Unnur


Seydisfjordur, 4 ga Yuni

Yaya Unnur,

Ina gaisuwa, ko da yake kwana biyu na yi ina jin haushinki. "Na gama magana"! Tun muna yara haka kike, kamar ke kika haife ni.

To amma gaskiyarki. Na manta da watan, kunya ta kama ni.

Tafiya kam sai godiya. A tsibirin Heimaey na shigar da jirgin ta wannan ƙuntatacciyar ƙofar tasha da aman wutar dutse ya bari, wani tsohon matuƙi a bakin tasha ya cire hularsa. Ya ce, "'Yar wa ce wannan?" Na leƙo na ce, "'Yar Torfi mai agwagi!" Nan gabas kuma hazo ya rufe mu, na lallaɓa na shiga, baƙi suna ta tafi kamar na yi siddabaru. Wata tsohuwa daga cikinsu ta ɗanɗana busasshen kifi da man shanu, ta tambaye ni ko katako ne.

Ga shawara. Tunda ba ƙaho, ki fito da Baba kan dutsen nan na gaban gida, ki ba shi tsohon madubin hangen nesansa. Zan fito waje da farar hulata da igiyoyi huɗu na kyaftin a kafaɗa, in tsaya ƙyam har ya ƙoshi da kallo. Ganin ma ai ya fi ji. Ki aiko amsa tashar Akureyri.

Taki,
Hrefna


Gida, 8 ga Yuni

Hrefna, ƙanwata,

Ina gaishe ki. Wannan takardar sau huɗu ina farawa ina yagewa.

Baba ba ya gani. Tun watan Janairu idon ya tafi gaba ɗaya. Shi ya hana a gaya miki, wai kada ki bar jarrabawarki ki taho. Da na karanta masa maganar madubi, dariya kawai ya yi. Ƙirjin ma ba daɗi, likita ba ya son yi mana maganar baɗi.

Jiya ya kira ni ya ce, "Rubuta mata ta busa." Na ce, "Baba, agwagin fa?" Ya ce, "Agwagin nawa ne ko naki? Shekara sittin ina yi musu shiru, su ma su yi mini haƙuri rana ɗaya. Ina so in ji 'yata." Ya riga ya gaya wa duk wanda ya zo coci. Ketill ya ce zai zo da kujerarsa.

Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. In kin busa, aikin gidan nan na shekaru ya tafi. In ba ki busa ba, tsohon nan zai zauna a kan dutse a gaban mutane, jirginki ya wuce bai sani ba. Na janye maganata ta farko. Igiyar ƙahon a hannunki take, kuma duk abin da kika yi ba zan zarge ki ba.

Yayarki,
Unnur


Isafjordur, 12 ga Yuni

Baba,

Ina gaishe ka da girmamawa. Yaya, ki karanta masa a hankali, kada ki tsallake komai.

Na saɓa maka, Baba. Tun daga bakin mashigi na sa aka rage inji har ƙasa. Na shiga lasifika na ce wa baƙi, "Wancan jan gidan na ubana ne, waɗancan agwaginsa ne, duk wanda ya ɗaga murya zan sauke shi a nan." Mutum ɗari da tamanin suka yi tsit. Mataimakina ya raɗa mini, "Kyaftin, ko guda ɗaya, gajere?" Hannuna yana kan igiyar, Baba. Na hango ka da rigar cocinka, ka juyo da kunnenka wajen ruwa. Na hango agwagin kwance har gindin dutsen da kake zaune. Sai na sauke hannun.

Ban taɓa jin zafin abu kamar wannan ba. In ka yi fushi, ka yi, na cancanta. Ka dai aiko mini da kalma ɗaya.

'Yarka,
Hrefna


Gida, 13 ga Yuni

Kyaftin Hrefna,

Ubanki ne ke magana, Unnur na rubutawa. Ina gaishe ki.

Wa ya ce miki ban san shigowarki ba? Ketill yana ta "Ina ƙahon, Torfi? Ko ya lalace ne?" Na ce ya rufe mini baki. Ta tafin ƙafata na fara jin ki, dutsen yana ɗan rawa a hankali. Na jira igiyar ruwan da manyan jirage ke turowa ta share sheƙun ƙasa, sai ga wani ɗan ruwa ya zo ya taɓa takalmina ya koma. Na ce, "Unnur, nawa suka tashi?" Ta ce, "Ko ɗaya, Baba." Na ce ta faɗa da ƙarfi Ketill ya ji, ta ce ba za ta ɗaga murya a cikin agwagi ba, sai ni na matsa na faɗa masa a kunne.

Jan igiya kowane ɗan Ketill ya iya. A shigo da jirgi kamar gida mai hawa biyar cikin mashigin nan a fitar da shi, agwagwa ko ɗaya ba ta ɗaga kai ba, wannan sai wadda na haifa. Umarnina na banza ne, kin yi daidai da kika ƙi shi.

Ranar Lahadi Unnur za ta kai ni coci da wuri, akwai waɗanda ban gama gaya wa ba. Allah ya kai ki lafiya.

Ubanki,
Torfi