Ƙarfen da Baba Ya Shafa wa Fenti

Dengfeng, Guangzhou
9 ga Janairu

Zuwa ga mahaifina, Malam Tankari mai jirgi, Yawuri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Inna da ƙanena Ƙasimu da duk mutanen bakin ruwa. Yaya ƙafar? Mu nan lafiya lau. Jikarka Rahila ta fara tafiya, ba abin da take bari a kan tebur.

Na ba Alhaji Musa da zai taho gida takardar nan ya kawo maka ne don a waya ba zan iya ƙarasa maganar ba. Mun ga hotunan guntayen ƙarfen nan huɗu da surukinka ya aiko aka ɗaura a gindin jirginka. Mun kuma ji saƙonka, cewa ruwa ya cinye su kamar sabulu, wai jabu aka sayo maka. Baba, ranar baban Rahila bai ci abinci ba. Abin da ya ce kawai, kai babba ne, ba za ka faɗi abin da ba ka gani ba.

Washegari ya rufe ofishinsa na aika kaya a Xiaobei, ya ce sai ya nemo maka waɗanda ba sa cinyewa. Na goya Rahila na bi shi har shagon tsohon da ya sayar masa, can bakin kogi. Da loban ɗin, wato mai shagon, ya ga hotunan, sai ya ɗaga mana babban yatsa. Ya ce wanda ba ya cinyewa meyo, wato babu shi a yarensu. In ƙarfe iri biyu suna haɗe cikin ruwa, mai raunin ne ruwan ke fara ci, ya ƙyale ɗayan. Shi ya sa ake ɗaura waɗannan, su cinye, farfela da jikin jirgi su tsira daga tsatsa. In sun kai rabi a sauya. Sharaɗi ɗaya ne: su taɓa ƙarfen jirgin kai tsaye, kada fenti ya shiga tsakani ko ya rufe su.

Amma ni na san ka. Ko kaza ce ta gifta ta gabanka ranar fenti, koriya za ta koma gida. Don Allah ka ƙyale su yadda suke.

Surukinka ya ji duk wannan da kunnensa, amma ya ce bakinsa ba zai iya gyara maka magana ba. Bai san na rubuto ba.

Ka gaida Inna da kyau.
'Yarka, Najiba

Dengfeng
2 ga Yuli

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta Inna. Allah ya sa damina ta sauka da alheri.

Kada ka yi wa Ƙasimu faɗa, ni na matsa masa ya gaya mini. Ashe tun watan Fabrairu ka shafe uku da koren fenti, na huɗun ma ya tsira ne don gwangwanin fentin ya ƙare. Wai yanzu kana nuna wa abokan sana'a yadda suka daina cinyewa. Na yi dariya, daga baya na yi kuka. In ba su ake ci ba, Baba, wani abu ake ci a ƙarƙashin ƙafarka.

Duk ranar kasuwa jirgin nan mata da yara da buhuna yake ɗauka, kai kana zaune a baya. Tsoro nake ji, gaskiyar ke nan. Ina roƙonka abu ɗaya: kafin kogi ya cika, a jawo shi tudu ka duba da idonka. In ƙarya loban ya yi, ba zan ƙara tayar da maganar ba.

Akwai kuma abin da ke ci mini rai. Wata shida ke nan in ka kira sai ka gaisa da ni, ka yi wasa da Rahila, ka kashe. Baban Rahila yana jin muryarka, sai ya tashi ya fita baranda wai shan iska, a garin da iskarsa ta fi ɗaki zafi. Ni dai ina gani.

Allah ya tsare ka a kan ruwa.
Najiba

Dengfeng
28 ga Yuli

Babana,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya, kai da Inna da kowa.

Ƙasimu ya ba ni labari. Ya ce da aka jawo jirgin, jikinsa ta gefen ƙarfen da bai samu fenti ba sumul yake, amma kusa da farfela, inda waɗanda ka shafe suke, ya yi ramuka, ɗaya har ruwa ya fara tsattsafowa. Ya ce ka daɗe a tsugune kana shafawa, sannan da hannunka ka kankare fentin. Alhamdu lillahi da a tudu aka gani.

Ba ka ga abin da ya faru a nan ba, bari in gaya maka. Shekaranjiya da ka kira lambar baban Rahila, yana ofis, ga 'yan Maraɗi uku suna auna kaya, ga direba Basine a ƙofa. Yana ganin sunanka ya cire takalmi ya tsugunna tsakanin kwalaye. Haka ya amsa gaisuwarka har ƙarshe, kansa a ƙasa, direban yana leƙe ko wani abu ne ya faɗi masa. Da ka ce masa ɗana, wane iri ya dace da ruwanmu, sai da ya juya wa mutane baya don kada su ga hawayensa.

Ya sayo goma sha biyu, na ruwan kogi, ba na teku ba. Alhaji Musa zai taho da su.

Da ya dawo gida ya ce mini dama ya sani za ka gano da kanka, mutumin da ya shekara talatin a kan ruwa ba a koya masa jirgi. Na ce masa haka ne. Kai ma, Baba, ka bar shi a haka.

'Yarka mai kewarka,
Najiba