Na Kasa Cewa Ɗana Ne a Gaban Gardin Faransa

Zuwa ga Malam Arzika, mai filin shawarwari,

Bayan gaisuwa mai yawa, Malam, ka taimake ni don Allah, abin ya kai ni maƙura. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina yawo da wata takarda a aljihun taguwata, har ta yi laushi da zufa, na rasa yadda zan yi da ita. Ni tela ne a Jibiya, rumfata tana kusa da ofishin kwastan, kakin ma'aikatan bakin iyaka kusan duk a kekena ake ɗinka shi. Kada ka buga sunana, ko da yake garinmu ƙarami ne, duk wanda ya ji labarin ya gane ni.

Shekara biyu da suka wuce Fada na 'yan Katolika, wanda ke zuwa daga Kano bisa babur wata-wata, ya buɗe wata 'yar makaranta a bayan barikin kwastan saboda 'ya'yan akawuna mutanen kudu. Ɗaki ɗaya ne na jinka, da benci huɗu, da wani guntun ƙarfen mota da ake bugawa a madadin ƙararrawa. Malamin ɗaya ne, Ticha Dominik. Ni da na ga kullum mai alƙalami ne ke zaune a inuwa, mu muna tsugune a rana muna jiran ya ɗago kai, sai na kai yaron gidana. Fada ya yi mini alkawari ba za a sa shi cikin addu'arsu ba, kuma tsakani da Allah ba a sa shi ba. Da sassafe yana allo wurin Malam Maharazu, da hantsi ya tafi boko. Surutun da na sha a gari ba a magana, har yau akwai wanda ya daina kawo mini ɗinki.

To amma karatun nasu, Malam, wani abin sai ka riƙe baki. Rubutu da lissafi na yarda. Sai ran nan yaro ya shigo da gwangwani cike da ƙasa, wai Ticha ya ce a shuka wake a zauna a ga yadda yake tsirowa. Jikan manoma za a koya wa cewa wake na tsirowa! Wata rana kuma su fita da tsakar rana su kafa sanda suna auna inuwa da igiya. Duk Asabar ɗin ƙarshen wata sai ya jera su biyu-biyu a tafi abin da yake kira yawon buɗe ido. Sun je marina, sun je maƙera, sun je gulbi sun kwaso duwatsu, har rumfata sun zo sun kewaye keke suna leƙen yadda allura ke kama zaren ƙasa. Kuma ba zan ɓoye maka ba, rubutun nan da kake gani da hannuna na yi shi, daga bakin yaron na tsince shi. Yana bitar baƙaƙensa da ƙarfi a tsakar gida, ni ina bayan zana kamar ina warware zare, ina leƙen allonsa ina zanawa a ƙasa. Ba zan iya tambayarsa ba, don ɗan fari ne, kuma sunan mahaifina ya ci. Ka san yadda abin yake wurinmu. Ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba, in baƙo ya tambaya sai in ce ɗan wana ne, Yaya Rabe.

Bayan girbin bana Ticha ya ce zai kai su su ga inda ƙasar Ingilishi ta ƙare ta Faransa ta fara. Ba wani abu ba ne fa, tarin duwatsu ne da ƙarfe a tsakiya cikin gonar gero, kullum muna wuce shi, awaki ma a nan suke susar jiki. Bai gaya wa mai gari ba, bai gaya wa kwastan ba, ya kwashi yara goma sha huɗu. Yana tsugune yana zana musu taswira a ƙasa, sai suka hango goruba ta nuna a wancan hayin. Ina ruwan yaro da iyaka? Suka ruga. A kwanakin kuwa Faransawa na ɗibar yara zuwa makarantarsu ta dole, mutane na tsallako da nasu nan a ɓoye. Gardinsu biyu, wato 'yan sandansu, bisa dawaki suka ga baƙon mutum yana koro garken yara kudu, suka ce satar musu yara yake yi. Suka tasa su gaba har rumfar duwan, wato kwastan ɗinsu.

Aka aiko gari cewa kowane uba ya zo ya ce wannan ɗana ne, sunansa wane, ya dangwala yatsa, ya tafi da abinsa. Na bar ɗinki a ƙarƙashin allura na fita ko takalmi ban sa ba. Ka riƙe wannan, Malam, don Ticha yana gaya wa mutane ban damu ba, alhali ni na riga kowa isa. Sai dai ranar kasuwa ce a ƙauyen da rumfar take, jama'a sun yi dafifi, kuma a gaba-gaba, zaune bisa buzu, ga surukina, mahaifin Hajo matata, don mutumin wancan hayin ne. Akawunan nan suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kira sunan ɗansa da ƙarfi ya rungume shi. Aka zo kaina. Shugaban gardin ba Bahaushe ba ne, daga can yamma mai nisa aka kawo shi, Hausarsa ta ciniki ce kawai. Ya nuna yaron da bulala ya tambaye ni ko nawa ne. Yaron ya ɗago kai yana dubana, da goruba guda a hannunsa. Na dubi surukina. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Yaron gidanmu ne, ɗan wana ne." Ya sake tambaya, na sake faɗa. Duk Bahaushen da ke wurin ya gane, wasu tsofaffi har suna gyaɗa kai. Gardi kuwa ya ce to sai wan ya zo.

Da jama'a suka ragu na lallaɓa in gyara magana, ya ce ba ya karɓar shaidar mai baki biyu, ya kore ni. Yaya Rabe yana Bugaje wurin suna, bai dawo ba sai washegari da azahar. Goma sha uku suka koma gida, nawa ya kwana a rumfar duwan. Ticha ya ƙi tafiya, ya zauna da shi. Ni ma ban koma gida ba, ina gindin wata tsamiya can nesa kaɗan, amma wa ya gan ni? Rabe ya zo ya dangwala yatsa, muka taho yana yi mini dariya a hanya.

Bayan kwana biyu Ticha ya zo rumfata, a gaban masu jiran ɗinki, ya ce a garinsu ko kaza ta san 'ya'yanta. Shi da ya kai 'ya'yan mutane bakin bindiga saboda tarin duwatsu, shi ne yake koya mini zama uba! Na ci gaba da ɗinkina. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yaron. Yana durƙusawa ya gaishe ni kamar kullum, amma irin gaisuwar da ake yi wa maƙwabci. Bita ya daina yi a gida, sai ya koma bayan makaranta. Ya tambayi kakarsa Nana, mahaifiyata, ashe shi ba ɗan gidan nan ba ne, me ya sa ba a gaya masa tun da wuri ba. Ta yi dariya ta ce shirme, shi bai yi dariya ba.

Yanzu ga takardar. Ticha zai kai su Katsina a mota su ga ganuwa da hasumiya, wannan karon Fada ya ce sai kowane uba ya dangwala yatsa a takardar yarda. Yaron ya ɗauki tasa ya kai wa Rabe. Rabe ya kawo ya aje mini bisa keke, ya ce shi ya gama nasa a bakin iyaka. Tafiyar Asabar ta sama ce. Wata zuciya tana ce mini in yaga ta, in cire shi daga makarantar, in zaunar da shi gefen keke ya koyi sana'a, in huta da Ticha da gwangwaninsa na wake. Hajo ta ce ba ruwanta, ita ma kunyarsa take ji. Malam, laifin me na yi? Haka mahaifina ya yi da ni har ya koma ga Allah, ban mutu ba. Amma wallahi raina a ɓace yake, kuma ban san da wa nake fushi ba.

Ni ne,
Tela Mai Ƙunar Rai, Jibiya

Amsar Malam Arzika

Malam Tela, na karanta takardarka sau biyu, kuma rubutunka ya fi na wasu da suka zauna a benci. Bari in fara da inda kake da gaskiya, don kana da ita.

Ticha ya yi kuskure biyu. Wanda zai kai 'ya'yan mutane bakin iyaka a irin wannan lokaci, ya kamata ya shaida wa mai gari da kwastan, ya nemi babba ɗaya ya raka shi. Kuma bai kamata ya ci maka fuska a gaban masu ɗinkinka kan al'adar da bai sani ba. Kunyar ɗan fari ba ƙiyayya ba ce, mu da muka tashi cikinta mun sani. Sai dai kada fushi ya mantar da kai cewa mutumin nan yana da hanyar tafiya gida ranar, ya ƙi, ya zauna da ɗanka har aka sake shi. Wannan ka bi shi da godiya, ko da ranka bai so ba. Zancen wake a gwangwani kuwa ka bar masa, bai cuci kowa ba.

Yanzu naka. Kunya ana yin ta ne a gaban wanda ya san ta, a ranar da babu abin da zai sami yaro. Gardin nan bai san ta ba, abin da ka faɗa shi ya rubuta. Surukin da ka duba kuwa, jikansa ne a tsare. Ina tabbatar maka da ka ce naka ne, da ba wanda zai fi shi jin daɗi, ko da zai sunkuyar da kai don al'ada. Ka ce haka mahaifinka ya yi da kai. Na yarda, amma shi ba a taɓa tsayar da kai gaban mai bulala an tambaye shi ba. Kuma kai ka tashi cikin yaran da duk haka ake yi musu, shi naka yana zama benci ɗaya da waɗanda iyayensu ke kiran sunansu da ƙarfi. Abin da ya gani da idonsa ranar shi ne an kira sunaye goma sha uku, ba a kira nasa ba. Gudun da ka yi ba takalmi, da komawarka wurin gardi, da gindin tsamiya, duk bai san da su ba. Wanda kake fushi da shi, ina jin ka san shi, yana zaune bisa kekenka.

Kada ka cire shi daga makarantar. In ka yi, ka hukunta shi sau biyu kan abin da ba shi ya yi ba, kuma zai zauna gefen kekenka yana ganinka a matsayin baffan da ya hana shi karatu. Ya ci gaba da allonsa, ya ci gaba da bokonsa.

Ga abin da nake ba ka shawara. Ka sami Nana, ka roƙe ta ta zaunar da shi ba da dariya ba, ta gaya masa dalilin da ya sa ba a kiran sunansa, da sunan wanda ya ci, da duk abin da ka yi ranar wanda bai gani ba. Kaka ba ta da kunyar jika, bakinta ya isa inda naka bai isa ba. Ka kuma je wurin Ticha ku biyu kawai, ka yi masa bayanin al'adar, ka tambaye shi wane babba ne zai raka su Katsina. In babu, ka rufe rumfa ka raka su da kanka, ɗinkin yini ɗaya ba zai gudu ba.

Sa'an nan takardar. Kada ka aika da ita ta hannun kowa. Ka tafi makarantar da hantsi, lokacin da yara ke zaune, ka aje ta gaban Ticha. Ba sai ka kira suna ba, ba wanda ya ce ka zubar da al'adarka. Ka nuna shi da hannu, ka ce wannan nawa ne, da muryar da zai ji daga bencinsa, sa'an nan ka dangwala. Zai yi maka nauyi, na sani. Amma yaron da ya kai takardar uba wurin baffansa tambaya yake yi, kuma Rabe ya yi daidai da ya ƙi amsa maka ita.

Allah ya sanyaya maka rai, ya raya maka shi, ya kai su Katsina lafiya ya dawo da su lafiya.

Naka,
Malam Arzika