Na Sa Hannu Kan Albashin da Ban Taɓa Gani Ba

Anti, don Allah ki agaza min, kaina ya ɗaure.

A kamfanin buga bulo nake aiki. Aji huɗu na yi a firamare, malamai suka huta, ni ma na huta. Abu ɗaya na tsira da shi: sa hannu. In kika ga nawa, da wutsiyarsa da ɗigo biyu a sama, sai ki rantse manajan banki ne. Shekara shida, duk ƙarshen wata akawu zai dafe takarda da tafinsa ya bar min ɗan gurbi, ni kuwa in zuba gwaninta, a miƙo min ambulan. Watan jiya wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga hannu. Boko ya gagare ni, amma ban da lamba. A takarda mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke ne cif. A ambulan ko kusa.

Maiɗakina da yara uku suna can gida, ni ina nan mu biyar a ɗaki ɗaya. Autarmu ta fara tafiya, a waya aka ba ni labari. Da na je sai ta ɓuya bayan uwarta, wai baƙo ya zo. Na fi kowa dariya, don kada a kalli idona. Da cikon nan yana zuwa hannuna, da tuni na kama ɗaki na ɗauko su. To in na yi magana aka sallame ni fa?

Baban Auta

Baban Auta, tsoronka na kan hanya, kada ka tunkari akawu da faɗa. Ta yiwu mai kamfanin ma bai sani ba, ta yiwu da saninsa. Sa hannunka zai zama hujjarsu, saboda haka ka tanadi taka: katin aiki, ambulan ɗin, ranakun biya, da abokan aikin da za su yi shaida. Ku rubuta koke tare, ku miƙa wa hukumar kamfanin, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In an yi shiru, sai ƙungiyar ƙwadago ko ofishin ƙwadago na yankinku. Ka tambaye su ko dokar ta shafi kamfani irin naku, da wa'adin shigar da ƙara, don jinkiri kan kashe haƙƙi. In sulhu ya ci tura, akwai kotu.

Ka kuma faɗa wa maiɗakinka gaskiya kafin ka ɗaga ƙafa, don da ita za a sha wuyar jiran. Allah ya fito maka da haƙƙinka, ya haɗa ku ƙarƙashin rufi ɗaya.