Takun Inna a Hannun Wata

Yaya Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya? Ya jikin Baba, ya yara da aikin gona? Mu nan unguwar Sparkhill a Birmingham lafiya lau, sai ɓacin rai.

Kin san 'yata Rifkatu da rawar mutanen Ireland, wadda ake manne hannuwa a jiki, ƙafa kaɗai ke aiki. Na kai ta gasa Manchester. A ɓangaren da aka yarda kowa ya kawo sabon salo, sai ta saka takun marigayiya Inna na lokacin girbi, wanda kika koya mata, har da karya kafaɗa. Sai na ga kamar Inna ce a tsaye. Alƙalai suka ce wannan ba rawarsu ba ce, suka kayar da ita.

Na haɗiye. Amma makon jiya a Birmingham, malamarta ta rawa ta fito da takun nan a wasan makarantarsu, ana ta tafi, wai ita ta ƙirƙiro. Rifkatu kuwa tana layin baya. Na tare matar, ta ce, "Ai rawa ba ta da mai ita." Na ce, "A Manchester fa?"

Ni da na kafa shagona babu wanda ya tallafe ni, yau an yi min fashi ana murmushi. Abin da ya fi ci min rai, 'yata cewa ta yi, "Dadi, ka bari, kada ta cire ni." Asabar ma ni zan kai ta wurin malamar.

Ki sa mu a addu'a, ki gaida su Talatu. Sauran rawar Inna kuwa, ki riƙe a wurinki.

Ƙanenki,
Bulus