Baba Ya Ce Birkin Ba Ya Kuka

Kawu, don girman Allah ka agaza mini. Na rantse ba zan huta ba sai na gano abin da ke kuka a bayan motata, ga shi wanda ya kamata ya taimake ni shi ne ya tsaya kai da fata wai babu komai.

Ni malamar makaranta ce, 'ya'yana uku. Kullum da safe nake loda su a tsohuwar motata, mu bi wata doguwar gangara mai kwana a ƙarshenta. Mahaifina makaniki ne, shekara arba'in da ɗoriya yana ƙarƙashin motoci. A layin garejinsu ba a kiransa sai da Likita, saboda ba ya buɗe inji sai ya saurara. Zai ɗora bakin dogon sukundireba a jikin ƙarfe, ya kafa ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido, sai ya faɗa maka ciwon. Tun ina ƙarama nake zama kan tsohuwar taya ina miƙa masa sifana, don haka ni ma ba baƙuwar mota ba ce.

Watan jiya na yi masa ƙorafi birki ba ya kamawa yadda nake so a gangarar nan. Ai kamar jira yake. Ya ce birkin bayan irin na da ne mai kwano, zai mayar mini da shi mai faifai irin na gaba, jikokinsa ba za su hau abin da bai yarda da shi ba. Tun bara ya ajiye aiki saboda ciwon gwiwa, amma ya shimfiɗa kwali a ƙofar gida, kwana huɗu yana fama, bai bari kowa ya sa masa hannu ba. Duk notin da ya ɗaure sai ya ɗiga masa jan fenti, kamar yadda ya saba tun da can. Ranar da ya gama, Kawu, na daɗe ban ga haƙoransa a waje haka ba.

Birki kam ya kama, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma kwana uku da gyaran sai ga wani siririn kuka, tsiii, kamar buta ta tafasa an manta da ita. Na yi haƙuri mako biyu, na ce sabon abu ne, zai zauna. Ina! Sai na ɗauki littafi na fara rubutawa kamar mai duba jarrabawa. Na kwashe duk tarkacen but ɗin motar, har kujerar auta na cire. Na sauke gilas na bi ta jikin wata doguwar katanga don in ji daga ina yake fitowa, na tabbatar bayan hagu ne. Kuma ba sai na taka birki yake yi ba, ƙafata na gefe ma yi yake. In na ɗan taɓa birkin ya yi shiru, in na saki ya dawo. Rannan da muka isa makaranta na taɓa ƙarfen tayoyin baya. Na dama ɗumi kawai, na hagu kuwa sai da na yarfe hannu.

Na ɗauki Baba muka zagaya unguwa. Kukan ya cika motar, har tsakiyar kaina nake jinsa. Ina waigawa na gan shi yana murmushi, wai in ji yadda mota ta yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Na ce masa ga shi nan yana yi yanzu-yanzu. Ya karkata kai, ya lumshe ido kamar da, can ya ce babu komai, kunnen mata ne da tsince-tsince. Wallahi sai da hawaye suka cika mini ido. Ko zancen zafin tayar ban kai ga yi masa ba.

Baba ya canza, Kawu, taurin kai ya ƙaru. Inna ma kullum cikin mita take. Ta kira shi daga kicin sau uku ya yi banza da ita, rediyonsa ya cika gida har maƙwabta, jikoki su yi ta ba shi labari yana bin su da to, to, hankalinsa ba ya wurin. Duk na ɗauka tsufa ne, amma ban taɓa zaton girman kai zai sa ya musanta abin da ya shafi ran yarana ba. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

Maigidana ya ce in kai wa wani a ɓoye a wuce wurin. To, wa zan kai wa? Rabin masu gareji a hannunsa suka koya, kafin in dawo gida labari ya riga ni. Ko ba su faɗa ba, da Baba ya ga an taɓa notin, jan fentin nan zai tona mini asiri. Ni dai na ƙudurta, ko Baba zai yi shekara yana fushi da ni, sai an gyara motar nan. Me ke wannan kukan? Kuma ta yaya ake sa uba ya amsa kuskuren da ya ƙi amsawa?

'Yar Likita

*

'Yata, sannu da ƙoƙari. Da duk mai kawo mota gareji yana zuwa da littafi irin naki, da makanikai sun yi ƙiba.

Mu fara da motar. Sabon birki yakan yi 'yar ƙara a kwanakin farko, amma galibi sai an taka. Naki yana kuka ƙafa na gefe, ga taya ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi. Alama ce wani abu yana gogar faifan ba hutu. Ko wayar birkin hannu ta yi tsauri a wannan ɓangaren, ko abin da ke matse faifan ba ya sakinsa gaba ɗaya, ko farantin da ke bayansa ya lanƙwashe yana taɓa shi. Daga inda nake zaune ba zan iya cewa ga wanne ba. Abin da na sani, birkin da ya yi zafi yana iya yaudarar mutum a tsakiyar gangara. Daga yau kada ki sake ɗaukar yara a motar, kada ki sake bin gangarar, sai an duba. A nan ina bayanki, maigidanki ma da gaskiyarsa cewa sai an gyara.

Amma a zancen Baba kin bar jaki kina dukan taiki. Koma ki karanta wasiƙarki. Mutumin da ya yi kwana huɗu kan kwali da ciwon gwiwa saboda jikokinsa ba zai ji birki na kuka ya ce bai ji ba. Rediyo ya cika gida, Inna ta kira sau uku, muryar yara tana wuce shi. Ni ba likitan mutane ba ne, amma na san in kunne ya fara gajiya, siririyar ƙara ce take fara ɓace masa. Ina kyautata zaton Baba bai yi miki ƙarya ba, shirun da ya ce ya ji shi ya ji. Wataƙila ma ya riga kowa lura, tsoro ne ya hana shi faɗa, don da kunnen nan ya ci abinci, da shi ya yi suna.

Saboda haka ki daina ce masa ya saurara. Gani ya kori ji. Ki lallaɓa motar zuwa gidan Baba ke kaɗai, kina tsayawa ki roƙe shi ya kai bayan hannunsa kusa da tayar baya ta dama, sannan ta hagu, kada ki ƙara ko kalma. In ta huce ku sa jak ku ɗaga bayan, ya juya kowace taya da hannunsa. Wadda ke goga, tafinsa zai gaya masa. In ya gyara, ki ce ya zaɓi ɗaya cikin waɗanda ya koyar su gwada tare, domin sauyin birki irin wannan yana son ido huɗu. Shi zai zaɓa, ba a bayan idonsa ba. In kuwa ya ƙi duk wannan, ki kai motar inda za a gyara, ki gaya masa da bakinki. Fushin uba yana hucewa.

Bayan haka ke da Inna ku lallashe shi a je a duba kunnen. Ku tuna masa abin da kowane makaniki ke gaya wa masu mota, a kawo ta tun ciwo bai yi nisa ba.

Ranar da za ku ɗaga motar, ki samu taya ki zauna, ki miƙa masa sifana kamar da. Shekara arba'in yana ji wa mutane abin da ba sa ji. Yanzu ke ce kunnensa, 'yata, kuma shi ya koya wa wannan kunnen aiki. Ki gaya masa haka, ki ɗaga murya, kina kallon fuskarsa. Allah Ya kiyaye hanya, Ya ƙara wa Likita lafiya.

Kawu